Waken Baba Ba A Sa Masa Kanwa

Salamu alaikum, ku da kuka daɗe kuna biye da ni a wannan shafi, da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Ku yi mini uzuri, yau babu dogon gaishe-gaishe. Cikin sauri nake rubutun nan. In kun ga harafi ya karkace, ba laifin salula ba ne, wato wayar hannuna.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hansai. A Akokan aka haife ni, nan gefen Arlit, amma asalinmu mutanen Mirriya ne. Babana, Malam Siddiƙ, yana saurayi ya zo ya shiga aikin ramin ma'adinai, a cikinsa ya yi furfura, har aka rufe ramin a 2021. Innarmu ba ta daɗe ba bayan nan ta rasu. Mu uku ta bari: Yaya Abdulrazak, mai butik ɗin kayan salula a kasuwar Arlit, wanda yake zaune a sashensa cikin gidanmu da matarsa Sa'a, sai ni, sai ƙanwata Maryama da aka aurar Agadas, yanzu goyonta na biyu take yi. Ni kuwa ga ni nan, shekaruna sun doshi talatin, ina ɗakin da aka yanke mini cibiya.

Baba yana fama da tansiyo, wato hawan jini, da ciwon zuciya. Ƙafafunsa kumbura suke yi, haƙoransa kuma sun zube sai 'yan tsiraru. Likita ya ja mana kunne ƙwarai: gishiri ɗan kaɗan, kanwa kuwa ko ƙwaya. Shi kuma duk duniya babu abin da ke shiga cikinsa ya zauna lafiya kamar faten wake. To ku mata kun san aikin. Waken da ke zuwa mana nan daga kudu yake tasowa cikin kamiyo, babbar motar kaya, ya sha ranar hanya, ya zo ya kwanta a sito har ya ƙandare kamar tsakuwa. Ga ruwan famfonmu mai zartsi. Kowace mace a kartiyenmu, unguwarmu ke nan, kanwa take jefawa ta huta. Ni ba ni da wannan hutun. Tsinta nake yi ƙwaya-ƙwaya, in fid da mai ƙwaro, in jiƙa shi ya kwana, da safe in zubar da ruwan jiƙon, in ɗora a gawayi. Wuta kaɗan-kaɗan. In kwashe kumfa. In ruwa ya ja, ruwan zafi nake ƙarawa, ba na sanyi ba, don na sanyi firgita shi yake yi ya koma ɗanye. Gishiri da tumatir ba sa leƙa tukunyar sai na matsa ƙwayar wake tsakanin yatsuna ta narke tuɓus. Haka nake tun rasuwar Inna.

A kan wannan waken na haɗu da Illi.

Illi Buzu ne, direba, yana ɗauko albasa da tumatir da lemo daga lambunan dutse ya kawo kasuwar Arlit duk Laraba. Wata rana ina sayen albasa a bakin motarsa ya ji ina yi wa mai tebur ƙorafin wake da ruwan famfo. Larabar da ta zagayo sai ga sallama a ƙofar gidanmu, na leƙa, na ga dogon mutum da rawani baƙi ya rufe har karan hanci, riƙe da bido, wato jarka, mai launin ruwan ɗorawa.

"Ruwan rijiyar lambunmu ne," ya ce. "Ka gwada shi a wake na tsoho."

Haka Hausarsa take. Mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Da farko dariya yake ba ni, daga baya ya zama in wani ya ce mini "ki" a waya sai in ji muryar ta yi mini salam.

Ranar waken ya nuna kafin in gama sharar tsakar gida. Baba ya cinye kwanonsa ya suɗe. Tun daga nan bido bai fasa zuwa ba, kuma ba sai na faɗa muku abin da ya biyo bayan bido ba. Gaisuwa a zaure, saƙon murya daga kan hanya duk inda ya sami rezo wayarsa ta kama, wata 'yar jakar fata ja da kore da ƙanwarsa ta ɗinka mini. A watan da ya wuce ya ce mini kawunsa Alkassoum zai je ya sami Yaya Abdulrazak a kasuwa, su fara magana ta manya, tunda Baba ba ya jin daɗin jiki.

Daga nan sai shiru.

Laraba ta zo ta wuce, babu bido. Na ce mota ce ta lalace. Na aika saƙo, na ga alamar an buɗe, babu amsa. Na yi ta tattalin ragowar ruwan kamar turare, har ya ƙare. Wata Larabar ta sake zuwa, ita ce jiya, na tashi na ɗora waken da ruwan famfo don ba ni da wani.

Ina zaune a kan kujera 'yar tsugune, da tsohon zanen Inna mai zanen ganye da nake ɗaurawa in zan shiga madafa, da ɗankwalin da duk ya sha hayaƙi. Hantsi ya dubi ludayi, wake yana nan garas-garas. Na ƙara gawayi, na ƙara ruwan zafi. Na ɗebo ƙwaya na matsa, ta sulluɓe daga yatsuna ta faɗa ƙasa ta yi tsalle, wallahi kamar tana yi mini gwalo.

Sa'a ta fito daga sashensu cikin doguwar riga ta bazan ruwan hoda, an yi mata sabon lalle, tana tafe tana ware yatsu kar ya ɓaci.

"Hansai, har yanzu? Baba fa ya yi kira."

"Na ji."

"Ke ma dai da wahalar da kai. Ɗan mitsitsin kanwa kamar ƙwayar gero me zai yi masa? Likita yana nan ne zai gani?"

"Ƙafarsa za ta gani," na ce. "Ranar da kika sa masa, ke kika kwana kina riƙe masa kai?"

Ta taɓe baki ta juya. Har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Mai bidon naki fa? Ko rijiyar ta ƙafe?"

Yadda ta yi maganar ne ya tsaya mini a rai. Ba tambaya ba ce. Murmushin wanda ya san amsa ne a fuskarta.

Na goge hannuna a zane, na jawo salula. Na rubuta masa: "Illi, in laifi na yi ka faɗa mini. In kuma fasawa ka yi, ka faɗa da bakinka. Ni ba yarinya ba ce."

Na ajiye ta a kan murfin bokiti na koma fifita wuta. Ban daɗe ba ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Ina jin iska da ƙugin inji a bayan muryarsa.

"Hansai, ina gaisuwa. Ba ka yi laifi ba. Amma me ya sa ba ka gaya mini ba? Kawu ya je wurin yayanka. Yayanka ya ce an riga an ba da kai ga ɗan gwaggonka na Damagaram, sadaki kaɗai ya rage. Kawu ya dawo da kunya, ya ce na sa shi ya nemi abin da yake na wani. Mu ba ma shiga neman wani. Allah ya ba ka zaman lafiya. Ka gai da tsoho."

Na sake saurare. Na kuma sakewa.

Jama'a, ɗan Gwaggo Zainabu na Damagaram da ake magana, Ahmudu, matarsa ƙawata ce, ni na yi mata rakiya ranar da aka kai ta. Rabona da ko gaisawa da shi tun ta'aziyyar Inna. Wane ba da ni? Yaushe? A gaban wa?

Ban yi kuka ba. Sai kuma tunani ya fara zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, ban kira shi ba. Na tuna Fatahu, malamin lakkol, wato makarantar boko, wanda ya yi ta zarya a ƙofar gidan nan, ranar da ya ce zai turo manya ya ɓace kamar an ɗauke shi. Na tuna wani mai gyaran firigo daga Maraɗi, shi ma daga "zan ga yayanki" ban sake ganin ƙeyarsa ba. Na tuna yadda Gwaggo Zainabu ta yi ta aiko mini da rubutu cikin buteli, wato kwalba, daga Damagaram, wai na farin jini ne, wai akwai abin da ke korar mini maza. Na sha. Wallahi na sha, ina toshe hanci. Na yi wanka da ganye, na yi hayaƙi har idona ya yi ja. Matan kartiye suna nuna ni da baki a wurin biki. Ni kaina na fara tsayawa gaban madubi ina neman abin da ke jikina wanda ni ba na gani.

Ashe abin da ke korar mini maza da ƙafa biyu yake tafiya, kuma tuwona yake ci.

Ana kiran azahar sai ga ƙarar babur ɗin Yaya. Ya shigo da shi zaure, ya cire tabarau, yana karkaɗe rigarsa ta shadda fara.

"Hansai, me aka dafa? Yunwa nake ji."

Ban ce masa sannu da zuwa ba. Tunda nake ban taɓa yin haka ba. Na miƙe da ludayi a hannu, na danna saƙon Illi na ƙure murya. Tsakar gida ta cika da maganarsa. Sa'a ta leƙo ta labule.

Yaya ya saurara har ƙarshe. Bai ko ƙifta ido ba.

"To?" ya ce.

"To? Yaya, 'to' za ka ce mini? Yaushe aka ba da ni ga Ahmudu?"

"Rage murya. Baba yana ciki."

"Ba zan rage ba. Yaushe?"

"Ke, ni sa'anki ne? Mutumin da kullum yana kan hanyar dutse, yau yana nan gobe yana can, shi za ki aura? Ko Hausa bai iya ba."

"Fatahu fa? Shi ma Hausar ce bai iya ba? Malamin lakkol ne. Me ka ce masa?"

Nan ne idonsa ya kauce. Ya dubi Sa'a, ta saki labule.

"Me ka ce masa, Yaya?"

Ya ja numfashi, ya zauna a bakin baranda, ya fara cire takalmi a hankali kamar maganar farashin caja muke yi.

"Hansai, ki yi hankali ki duba. In kin tafi, wa zai riƙe Baba? Ni ina kasuwa tun safe. Sa'a ba ta iya wannan hidimar ba, kin sani, ga shi ba ta da juriyar hayaƙi. Maryama tana gidan mijinta. Wa zai yi masa wanka? Wa zai san lokacin maganinsa? Wa zai zauna kan waken nan rabin yini? Ba cewa aka yi ba za ki yi aure ba. Lokaci ake jira."

"Wane lokaci?"

Ya tura takalmansa gefe da ƙafa.

"Faɗi mana. Lokacin da zai mutu? Mutuwar Baba kuke jira ku sake ni, ko tawa kuke jira?"

"A'uzubillahi! Ke wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka koya mini. Ka bar ni ina shan rubutu! Kana zaune a nan, a wannan barandar, Gwaggo ta bugo waya tana cewa a kai ni wurin mai ruƙiyya, ka ce 'to Gwaggo, za a duba.' Ka san babu aljanin da ke kaina sai kai!"

Sa'a ta fito da sauri. "Haba Hansai, yayanki ne fa."

"Ke kuma ki rufe mini baki. Ba ki da juriyar hayaƙi? Ni da hayaƙin aka haife ni? Ga tukunya can. Ga mafici. Lallenki ya bushe ai."

Na cilla mata maficin, ya faɗi gaban ƙafarta. Ba ta ɗauka ba.

Na juya na nufi ɗakin Baba. A raina cewa nake yi, yau zai ji abin da ɗansa yake aikatawa da sunansa. Baba bai taɓa bari a taka ni ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Yaya ya taso yana cewa, "Hansai, kar ki shiga, ki tsaya in gaya miki," ban ko waiwaya ba.

Baba yana zaune a kan katifarsa ya jingina da bango, ƙafafunsa a kan matashi, carbi a hannu. Tsohuwar hular kwanonsa ta aiki tana rataye a ƙusa sama da kansa, inda take tun ranar da ya dawo da ita. Rediyonsa a kashe. Ashe duk ya ji.

Na durƙusa. "Baba, ka ji abin da Yaya ya yi mini?"

Bai dube ni ba. Yatsunsa suka tsaya a kan carbin.

"Uwata," ya ce, "ba Abdu ba ne."

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba, har na buɗe baki zan ce masa ai ya amsa da bakinsa.

"Ni na sa shi."

Kun taɓa taka matakala kuna zaton akwai saura, ƙafarku ta faɗa wofi? Haka na ji.

"Na malamin lakkol ma ni ne. Da ɗayan." Ya ajiye carbin. "Duk ranar da aka ce ga wani ya zo, sai in kasa barci. In ce shi ke nan, za a ɗauke ta. Innarku ta tafi, aiki ya tafi, abokaina duk sun koma kudu. Ke kaɗai ce in na yi tari kike jiyowa. Na ce wa Abdu ya ɗan jinkirta mini. Ɗan kaɗan nake nufi, Uwata. Ban zaci zan kai haka ba."

Ina durƙushe ina kallon ƙafafun nan da nake shafa wa mai kullum. Na san kowace jijiya a jikinsu. Na so in yi ihu, amma wa zan yi wa? Da Yaya ne, da na san inda zan ajiye fushina. Wannan kuwa tsoho ne mara haƙori, yana hawaye a gemunsa.

Duk da haka ban ce na yafe ba. Ku zage ni in kuna so.

"Baba," na ce, "da ka tambaye ni."

"Na ji tsoron amsarki."

"Da ka tambaye ni! Ka san abin da na gaya wa Illi tun ranar farko? Na ce masa ba na barin Akokan muddin kana numfashi. Ya ce ya ji. Har ɗaki ya fara tambaya a bayan masallacin kartiyen nan, don in riƙa zuwa da ƙafa in ɗora maka wakenka. Ni ban taɓa shirin barin ka ba. Kai ne ka zauna ka yanke cewa ba ni da amana, ka ɗaure ni ta baya. Kana kallo ina shan rubutu, Baba. Kai kake ce mini in yi bisimilla."

Ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

Na tashi na fita. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi, na raɓa shi na wuce.

Da na koma madafa ruwan ya ƙone, waken ya fara kamawa ta ƙasa, maficin yana nan inda na jefar da shi. Mutum biyu a tsakar gida da lafiyarsu, babu wanda ya iya ko ɗaga murfi. Na tsaya ina kallon tukunyar. Zuciyata tana ce mini, bar ta ta ƙone. Shiga ɗaki ki kulle, su ga yadda yini ɗaya yake. Amma maganinsa na rana ba a shan sa da wofin ciki, kuma ni na san haka, su ba su sani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ko fushin ma ba ni da sararin yin sa.

Na sauke. Na kwashe na sama na bar na ƙasan da ya kama. Har yanzu da sauran tauri, fatarsa ta ƙi sakin jiki. Na jawo turmi na wanke, na juye waken a ciki, na ɗauki taɓarya.

Ban san irin dakan da na yi ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Kowane sara da sunan da nake kira a raina. Wannan na Fatahu. Wannan na butelin Gwaggo. Wannan na matar da ta ce mini a bikin Maryama, "Ke kuma sai yaushe?" Na daka har ya zama kamar ƙullu, na tace a rariya na fid da ɓawon, na mayar a wuta da ruwan zafi da albasa da ɗan man gyaɗa, na tsaya a kansa ina juyawa har ya yi kauri ya daina warin ɗanye. Na sa gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka.

Na kai masa. Na ajiye kwanon a gabansa, da cokali, da ƙwayoyin maganin a kan murfi. Kullum zama nake yi in riƙa fifita masa muna hira. Jiya tsayawa na yi.

Ya kai cokali ɗaya baki. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ya yi ƙauri," ya ce a hankali.

"Eh. Ya yi."

Ya ci, yana ci yana share ido da bakin riga, har ya kusa cinyewa. Ya sha magani. Na miƙa hannu zan ɗauki kwano sai ya riƙe bakinsa.

"Kina da lambar kawun yaron?"

"Ina da ta Illi."

"Nemo mini ta kawun."

Na aika wa Illi saƙo a rubuce, gajere: "Ƙarya aka yi wa kawunka. Babana yana son magana da shi." Na ga ya buɗe nan take. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga lambar ita kaɗai, babu ko kalma.

Na buga na miƙa wa Baba, na sa yadda kowa zai ji. Yaya ya matso bakin ƙofa. Da aka ɗauka, Baba ya yi sallama, sai na ji ya juya harshe yana gaisuwa da Buzanci, tiryan-tiryan, irin wanda ya koya wurin abokan aikinsa. Ni ban taɓa jin ya yi ba. Daga nan ya dawo Hausa.

"Alkassoum, sunana Siddiƙ, ni ne uban Hansai. Maganar da ɗana ya gaya maka ba gaskiya ba ce. Ba a ba da ita ga kowa ba. Ni na sa shi ya faɗa, don son kaina. Kunyar da ka kwasa, tawa ce."

Na ji kawun ya gyara murya.

"Malam Siddiƙ," muryar dattijo ta ce, a nutse, "na ji, kuma ka yi abin da ba kowane babba yake iyawa ba. Amma ka makara kaɗan. Da na koma da wannan amsa, uwar yaron ta ce tunda haka ne a nema masa a gida. Akwai 'yar ƙaninta, Dassin, a Dannet. An riga an aika cewa muna tafe jibi Juma'a. Ni yanzu ina nan garejin Arlit, gobe da safe za mu kama hanya. Maganar da aka ɓata ido da ido a tsakiyar kasuwa, ban san yadda zan gyara ta a waya ba."

Ya yi sallama ya kashe.

Na karɓi salulata. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai. Na dubi Baba na ce, "To. Ka samu abin da kake so. Ga ni nan."

Na ɗauki kwanon na juya zan fita.

"Uwata."

Ban tsaya ba.

"Uwata, miƙo mini babbar rigata. Shuɗiyar."

Na waiwayo. Ya sauke ƙafafunsa daga kan matashi, ya dafa bango da hannu ɗaya yana ƙoƙarin tashi, jikinsa duk yana ɓari. Mutumin da ko masallacin Juma'a ya daina zuwa, wanda daga ɗaki zuwa bayi sai na riƙe shi.

Yaya ya yi tsalle ya tare shi. "Baba, ina za ka? Likita ya ce kar ka..."

"Kai, tafi ka nemo mini mota. Ba babur ba." Yana haki, amma muryar ta dawo irin ta da, wadda in ya yi ta muna yara kowa yake shiga taitayinsa. "Ya ce ido da ido. To ga idon nan zan kai masa."

"Baba, rana ta take. In ka faɗi a hanya fa?"

"In na faɗi ka ɗauke ni ka ƙarasa da ni gareji."

Na buɗe akwatin, na ciro rigar, duk ta yi ƙanshin ajiya. Na zura masa ita ta ka. Da na zo ɗaura masa takalmi sai ƙafar ta ƙi shiga saboda kumburi, dole na kwance maɗaurin gaba ɗaya. Ina durƙushe a gabansa ya ɗora hannunsa a kaina. Ban ture ba, amma ban ɗago ba.

"Har yanzu fushi nake yi da kai, Baba," na ce.

"Na sani," ya ce. "Ɗauko mayafinki. Ke za ki riƙe ni, Abdu bai san inda ake kamawa ba."